Wasiƙa zuwa ga 'yata kan mantuwar da ta samu maigidanta

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji bayaninki cewa tun bayan harin nan maigidanki ba ya tuna abin da ya faru a ranar, alhali yana gane kowa, yana aikinsa. Ki cire zargin ɓoye miki yake yi. Firgici yana iya haifar da haka.

Idan tsoro ya kai maƙura, jiki kan kwararo sinadaran adrenalin da kotisol. Sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari, amigdala, sai ya ƙara ƙaimi, shi kuwa hipokampas, wanda ke jera abubuwa bisa lokaci da wuri, aikinsa ya raunana. Shi ya sa ƙarar ƙofa ko wani wari ke sa gabansa faɗuwa, amma in an ce ya ba da labarin sai ya rasa bakin zaren.

Ku fara da likita. Buguwar kai, farfaɗiya, faɗuwar sukarin jini da magungunan barci irin su diazefam duk suna kawo mantuwa, kuma maganinsu daban ne. Mantuwar firgici ba ta cika hana mutum riƙe sabon abu ba. In kin ga yana maimaita tambaya ɗaya bayan 'yan mintoci, ko amai, ko ciwon kai mai tsanani, ko gefe ɗaya na jikinsa ya yi rauni, a ranar za ku je asibiti.

Abin da na fi jiye muku shi ne matsin masu zuwa jaje. Kowa da tambayarsa, wani har ya ce, "Ai mutum uku ne, ko?" Ƙwaƙwalwa takan ɗauki irin wannan zato ta cike giɓin da shi, har mutum ya rantse ya gani da idonsa. Ki hana, ke ma kada ki yi. In wani abu ya dawo masa da kansa, ki saurara kawai, ban da gyara masa.

Idan ya firgita, ki kira sunansa a hankali, ki faɗa masa inda yake da ko yau wace rana ce, ya lissafa abubuwa 5 da yake gani da 4 da yake taɓawa, yana fitar da numfashi sannu sannu. Barcin awa 7 zuwa 9 ya zama a kan lokaci.

In an wuce wata ɗaya yana mugun mafarki, yana gudun duk abin da ke tuna masa, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2013, ta ba da shawarar maganin tattaunawa mai fuskantar firgicin, da kuma EMDR, wato maganin da mutum ke tuna abin yayin da idanunsa ke bin motsin hannun likita. Yawanci zama 8 zuwa 12 ne. Wani ɓangaren abin da ya manta zai iya ƙin dawowa, kuma hakan ba ya hana warkewa.

Lokacin da abin ya fara dawo masa ya fi kowane nauyi. In ya ambaci gajiya da rayuwa, kada ki bar shi shi kaɗai, ki kawar da magunguna da makami, ki kai shi asibiti nan take. Ke ma ki samu mai karɓar ki, ki riƙa hutawa.

Allah Ya ba shi lafiya.

Mahaifiyarki