Sanarwa kan darasin kusurwoyi na ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗalibai. Na duba amsoshin da kuka turo jiya, tambaya ta uku, wadda ta ce a nemo kusurwa ta uku ta alwatikar da ke cikin da'ira, ita ce ta kayar da yawancinku. Ku lura: idan gefe ɗaya na alwatika ya ratsa tsakiyar da'ira daga baki zuwa baki, kusurwar da ke fuskantarsa a bakin da'irar digiri 90 ce, ko ina take. Jimillar kusurwoyin alwatika 180 ce, an ba ku kusurwa ɗaya 35, idan aka cire ta tare da 90 ɗin nan, saura 55 ke nan. Irin wannan yana yawan fitowa a WAEC, shi ya sa abin ya dame ni.

Ranar Asabar bayan La'asar za mu sake binsa a hankali. Don Allah kowa ya zo da kamfas da rula nasa.