Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Ƙungiya: Inda Aka Kwana Kan Gasar Bita Ta Kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, shugabannin makarantu, 'yan uwa malaman Soshiyal maza da mata na cikin birni da waje, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya. Kwamitin zartarwa ya ɗora mini nauyin kawo muku bayanin yadda aka riƙe amanarku. Zan fi tsayawa a kan aiki ɗaya, domin shi ya ci mafi yawan lokacinmu da kuɗinmu, wato gasar bita ta kwamfuta.

Waɗanda suka halarci babban taron bara za su tuna kukan da aka yi. Yaranmu sun mayar da Soshiyal darasin kwafe. Malami ya cika allo da rubutu, su kwafa, daren jarrabawa su haddace, bayan sati biyu ka yi tambaya kowa ya yi zuru. Wata malama daga Gwale ta ce ta tambayi 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ƙananan hukumomi nawa ne a Jihar Kano, ba a samu wanda ya ce 44 ba, alhali yaran nan suna iya jero maka 'yan ƙwallon Turai har da masu zaman benci. Ke nan ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. A nan aka yanke shawarar a gwada bita ta hanyar gasa.

Tsarin ba shi da wuya. Malami zai shirya allon tambayoyi a PowerPoint, kowane layi da fanninsa: tarihin Kano, tsarin mulki, iyali da aure, muhalli, kasuwanci da sufuri. A ƙarƙashin kowane fanni akwai akwatuna masu maki 10 da 20 da 30. Sai a haska da majigi a bango, a kasa aji rukuni-rukuni, kowanne da sunan ƙofa: Ƙofar Mata, Kabuga, Ɗan Agundi, Mazugal, Nassarawa. Rukunin da layi ya zo kansa ya zaɓi akwati, tambaya ta fito, agogo ya fara ƙirga minti ɗaya.

Da farko mun so mu yi amfani da Kahoot, manhajar gasar tambayoyin nan da ta fito daga ƙasar Nowe a 2013. Tana da daɗin aiki, amma tana son intanet mai ƙarfi da waya ko kwamfuta a hannun kowane rukuni, ga shi yawancin makarantunmu ba a yarda ɗalibi ya shigo da waya ba. Sai makarantun da ke da ɗakin kwamfuta kaɗai suka ci gaba da ita. Sauran muka koma allon PowerPoint, wanda ake ɗauka a filashi, ba ya cin data ko ta sisin kwabo.

Zangon farko bai ba mu abin da muke nema ba, gara in faɗa muku gaskiya. Aji ya yi armashi, ana ta tafi da sowa, amma da muka zauna bita sai muka lura yara biyu ko uku ne ke amsa komai a kowane rukuni. Na bayan aji, wanda dominsa aka kawo tsarin, ya zama ɗan kallo, sai dai ya taya tafi. A azuzuwan da ɗalibai suka haura ɗari abin ya fi muni.

Gyaran da aka yi a zango na biyu, a ganina, shi ne babban abin da ƙungiyar nan ta samu a bana. Malami ne yanzu ke kasa rukuni da kansa, ya gauraya masu ƙoƙari da masu rauni. Kowane yaro yana da lamba. Idan tambaya ta fito, rukuni zai haɗa kai ya yi shawara, sai lokaci ya cika sannan kwamfuta ta jefo lamba, wanda ta faɗa kansa shi zai miƙe ya amsa, ba wanda zai sa masa baki. Nan take lissafi ya sauya. Zakaran aji ya gane cewa sanin da ke kansa ba zai kawo maki ba sai ya zuba shi a kan ɗan uwansa. Na shiga wani aji a wajen Fagge na tarar da yarinyar da aka ce ba a taɓa jin muryarta ba tana bayanin bambancin Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da ta Wakilai mai 360, ƙawayenta sun zuba mata ido suna motsa baki tare da ita. Da ta gama, malamarta ce ta fara share hawaye.

Wannan dabara ba mu muka ƙago ta ba. Tun a shekarun 1970 David DeVries da Keith Edwards suka tsara gasar rukuni mai gauraye a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. A 2006 kuma binciken Roediger da Karpicke ya nuna cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan sati guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Duk wanda ya zauna gaban malamin Islamiyya ana karɓar hadda ya san haka tun kafin a rubuta. A rufe littafi a kawo daga ka, shi ke sa karatu ya zauna.

Sai batun tambayoyin kansu, inda kwamitin ilimi ya sha aiki. Da aka tattaro abin da malamai suka aiko, kusan duka na "wace shekara" ne da "wane ne". A wace shekara aka haɗe Kudu da Arewa? 1914. Wa ya fara gina ganuwar Kano? Sarki Gijimasu. Waɗannan suna da amfani, an bar su a akwatin maki 10. Amma aka kafa sharaɗi cewa duk tambayar maki 30 sai ta ƙunshi "me ya sa" ko "ta yaya". Misali, a haska hoton Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa, a ce rukuni ya kawo dalilai biyu da suka sa fatake daga hamada suke sauka Kano. Ko a ce jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta yaya zuwansa ya haifar da dalar gyaɗa, kuma me ya yi wa fataucin raƙuma? Ko a nuna kwalbatin da leda ta toshe, a tambayi alaƙarsa da ambaliyar damina, da wanda nauyin gyara ke kansa. A irin waɗannan ne ake jin gardama ta gaske a cikin rukuni. Hotunan mu muka ɗauko da kanmu, a ziyarar da aka kai Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da gindin Dala, domin yaro ya ga wurin da yake wucewa kullum ya fito a allon aji.

Mun kuma koyi taka-tsantsan daga bakin ɗaliba. A wata gasa allo ya nuna an ƙirƙiro Jihar Kano a 1976. Yarinya ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Malam, a gafarce ni, 1967 ce, kakana ya yi aiki zamanin Audu Bako." Ita ce mai gaskiya, hannu ne ya juya lambobi wajen bugawa. An ba rukuninta makin, kuma tun daga ranar ba tambayar da ke shiga rumbunmu sai malamai biyu sun duba ta.

An yi doguwar muhawara a kwamiti kan harshe. Matsayar da aka cimma ita ce tambaya ta fito da Turanci, tunda da shi za a rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, amma rukuni ya yi shawararsa da Hausa in ya so. Ni ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Yaron da ya fahimci ma'anar haƙƙin ɗan ƙasa da harshen gidansu, saka masa kalmar Turanci ba wuya.

Matsaloli suna nan. Ɗauke wuta ya watsa mana gasa ba sau ɗaya ba, kuma kuɗin man janareta ya fi ƙarfin malami. Majiginmu bai wadaci masu nema ba. A bazara sai an rufe tagogi kafin hoto ya fito, zafi kuwa ba a magana. Maƙwabtan azuzuwa sun yi ƙorafin hayaniya, kuma suna da gaskiya, shi ya sa muke ba da shawarar a riƙa yi a darasin ƙarshe. Akwai shugabannin makarantu da har yanzu suke ganin abin wasa ne kawai. Roƙonmu ga waɗannan iyayen namu shi ne su shigo su zauna sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Kyauta kuma an tsaya a kan biro da littafin rubutu, ban da kuɗi, sannan ana sake kasa rukuni kowane wata don kada wasu su zama na ƙarshe kullum.

Ban da wannan, an gudanar da bitar koyon PowerPoint ga malamai a hutun zango, kuma malamai mata sun fi maza fitowa, Allah ya saka musu. An kai ziyarar ta'aziyya da dubiya ga 'yan uwan da abin ya shafa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu da rahama. Bayanin shige da ficen kuɗi yana wurin ma'aji, zai karanta shi bayan wannan. Masu bashin kuɗin wata don Allah a sauke, da shi muke son sayen batir mai cajin sola da ƙarin majigi.

A shekara mai kamawa, in Allah ya kai mu, za a faɗaɗa rumbun tambayoyi ya game aji ɗaya zuwa uku, a kuma shirya gasa tsakanin makarantu a zango na uku. Kowane ɗan ƙungiya ya zo taro na gaba da tambayoyi goma, aƙalla uku na maki 30, tare da shafin littafin da ya samo amsar. Mai son aron majigi ya rubuta sunan makarantarsa a wurin mataimakin sakatare kafin a tashi yau.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa