Wasiƙa zuwa Agadas a kan sayen diski

Bukoki, Yamai

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya Agadas, yaya fama da jama'a? Mu nan sai godiya ga Allah.

Saƙonka ya iso, kuɗin ma sun shigo. Ka ce bidiyon biki da suna sun cika maka ordinata, har sai ka goge aikin wani kafin ka zuba na wani, kana so in saya maka babban diski na ajiya, wanda ake jonawa a ordinata, mai tera 4 (tera ɗaya giga dubu ce) in aiko. Ban taɓa kuɗin ba tukuna, don ina da wata shawara dabam.

Da fari ka juya ordinatarka ka duba kafofin USB da ke gefenta. In ka ga wadda cikinta shuɗi ne, ko an rubuta SS kusa da ita, to USB 3.0 ce, an dace. In duk baƙaƙe ne babu wata alama, mai yiwuwa tsohuwar USB 2.0 ce ta shekarar 2000, wadda a aikace ba ta wuce mega 35 zuwa 40 a daƙiƙa. Ka lissafa da aikinka: bidiyon biki mai giga 100 zai ci maka wajen minti 45 ko fi kafin ya gama shiga, kana zaune ango na kiran waya. Ta kafar 3.0, da diski mai yin mega 120, minti 15 bai cika ba an gama. Kafar 3.0 tana kuma ba da wuta fiye da tsohuwar, miliamfa 900 maimakon 500. Shi ya sa wani diski in an sa shi a tsohuwar ordinata sai ka ji yana ƙyas-ƙyas, ya ƙi tashi, mai shi ya ɗauka ya mutu, alhali wuta ce ba ta ishe shi ba.

A kwali za ka ga wani an rubuta USB 3.1 Gen 1, wani 3.2 Gen 1. Duk 3.0 ɗin nan ce ta 2008 aka sake wa suna, gudunsu ɗaya, gigabit 5. Kada kowa ya ƙara maka ko dala a kansu. USB-C kuma siffar baki ce kawai, wanda ke shiga ta kowane gefe; akwai kabul mai bakin C da gudunsa na 2.0 ne, irin na cajin waya. Thunderbolt, wata kafa mai gudun gigabit 40, abu ne mai kyau ga wanda ordinatarsa ke da kafar, amma kai ka manta da ita. Diski mai faifai ba ya iya cika ko hanyar 3.0, balle wannan. Kamar ka shimfiɗa wa amalanke kwalta mai layi huɗu ne.

Shi kansa diskin iri biyu ne. Akwai mai faifai, wanda cikinsa faranti ke juyawa, galibi sau 5400 a minti, da wata 'yar allura tana shawagi a kansa ba ta taɓa shi. Shi ne mai araha, kuma shi ya dace da ajiya. Amma ba ya son faɗuwa, musamman yana cikin aiki, kai kuwa na san ka da ɗaura jaka a bayan moto kana bin rairayi. Sai SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa: ƙarami, mai jure girgiza, yana yin mega 500, wasu har 1000. Tsadarsa ce matsala, don kuɗin tera ɗaya nasa sun ninka na mai faifai. Manyan nan na kan tebur masu inci 3.5 kuwa sai an jona su da kuran, kuma ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu tana lalata aiki. Ƙaramin mai inci 2.5 daga ordinata yake shan wutarsa, in an ɗauke wuta, batirin ordinatar ya riƙe su duka.

To ga abin da nake gani. Maimakon tera 4 guda, bari in saya maka masu tera 2 guda biyu, Seagate ko WD ko Toshiba, duk wanda na samu sabo a kwalinsa. Kowane aiki ka zuba shi a duka biyun. Ɗaya ya riƙa bin ka, ɗaya ya zauna gida cikin akwati, nesa da rana da ƙurar hunturu. Na san za ka ce wurin ya ragu da rabi, gaskiya ne. Amma a shagon gyara na ga magidanci tsaye da diski a hannu, hawaye na neman zubo masa, bidiyon auren 'ya'yan mutane na shekara guda suna ciki, ya faɗi daga kan benci kawai. Mun buɗe kwanson, mun sake masa kabul, mun kara kunne, babu abin da ke tashi sai ƙarar allura. Biki ba a sake shi, kuma amana ce mutane suka ba ka. In Allah ya buɗa gaba, ka ƙara da SSD ɗan ƙarami na yin montaj a kai.

Kasuwa ma sai da ido. Ana kawo wasu da aka rubuta tera 8 ko 16 a jiki, kuɗinsu bai kai na tera ɗaya na gaske ba. In ka fasa, ɗan katin memori ne a ciki da guntun ƙarfe don ya yi nauyi. Ordinata za ta nuna maka girman ƙarya, kana zubawa yana taka na baya. Duk wanda na saya sai na gwada shi da manhajar H2testw, ya cika shi ya karanta, sannan in duba da manhajar CrystalDiskInfo in ga awa nawa ya taɓa aiki, don akan sa tsohon diski na hannu cikin sabon kwanso. In ya iso ka ga tera 2 ta nuna maka kusan 1.81, kada ranka ya ɓaci, ba cuta ba ce: masu ƙerawa da dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1024.

Zan yi musu fomat da exFAT kafin in aiko, wato ɗaya daga cikin tsarin jera fayil a diski, kamar FAT32 da NTFS. FAT32 ba ta karɓar fayil da ya haura giga 4, kai kuwa naka sun fi haka. NTFS tana da kyau a Windows, sai dai Mac karantawa kawai take yi, ba ta rubutu a kai, kuma ka ce yaron da ke taya ka montaj da Mac yake aiki. Ita exFAT ba ta yafe fizgewa, don haka kullum ka cire shi ta ordinata tukuna, ka bari fitilar ta daina ƙyaftawa. Bakin kabul ɗin da ke shiga jikin diskin shi ma yana saurin sakwarkwacewa, kada ka naɗe shi yana maƙale. Zan haɗo maka da wani na ajiya.

Ka ɗauko mini hoton gefen ordinatar, hagu da dama, ka turo ta WhatsApp. Da na gani, in ka amince da biyun, zan shiga Babbar Kasuwa in saya, in ba motar Agadas, in kira ka da lambar kayan.

Ka gaida Baba da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'a. Iyalina suna gaida uwargida.

Wassalam,
Naka amini