A karɓi harajin gidajen hayar kwana, amma a tsare sirrin masu gidajen

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana kan wani al'amari da ke tafe, wato karɓar haraji da miƙa bayanan masu gidaje ga hukumar haraji, wanda yawancin masu gidajen hayar kwana a Sakkwato ba su shirya masa ba. Aikinmu lissafin kuɗi ne da cike wa mutane takardun haraji, don haka ta wannan ɓangaren za mu dubi maganar.

Duk wanda ya san Mabera, Arkilla, Gawon Nama, Bado da Runjin Sambo ya ga yadda sana'ar ke yaɗuwa. Mutum ya gyara gida, ya sa sola da na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauki mai gadi, sai ya riƙa bayar da shi kwana biyu ko mako guda ga ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, 'yan biki, masu jinya a asibitin koyarwa, iyayen da suka zo bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da 'yan kasuwar da ke shigowa daga Ƙonni ta Illela. Galibin cinikin ta WhatsApp da Instagram da dillalai ake ƙulla shi, amma akwai waɗanda suka sa gidajensu a manhajojin neman masauki irin su Airbnb da Booking.com. Waɗannan kamfanoni sun san sunan mai gida, adireshin gidan, lambar waya, asusun banki, kwana nawa aka yi a ciki, da ko sisin kwabo nawa ya shigo.

A ƙasashen waje an daina tambayar ko za su miƙa wannan bayani ga hukumar haraji. A Tarayyar Turai, dokar DAC7, wadda ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni miƙa bayanin, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023, kuma rahoton farko ya shiga hannun hukumomi a farkon 2024. Kowace shekara kamfani zai miƙa suna, adireshi, ranar haihuwa, lambar haraji, lambar asusu, kuɗin da aka biya mai gida a kowane wata uku, la'adar da kamfanin ya cire, adireshin kowane gida da yawan kwanakin da aka yi haya. Mai sayar da kaya yana iya tsira idan cinikinsa bai kai sau 30 ba kuma bai wuce Yuro 2,000 ba, amma mai ba da hayar gida ba shi da wannan rangwame: ko dare ɗaya ya bayar, yana cikin rahoto. Wanda ya ƙi ba da lambar harajinsa, bayan an tunatar da shi sau biyu kuma kwana 60 sun wuce, sai a rufe masa shafi ko a riƙe masa kuɗi. Birtaniya ta ɗauki irin wannan tsari daga Janairun 2024. A Italiya kuwa, a Disambar 2023 Airbnb ya amince ya biya Yuro miliyan 576 saboda harajin kashi 21 cikin 100 da hukuma ta ce bai cire daga kuɗin masu gidaje ba tsakanin 2017 da 2021.

'Yan'uwanmu mazauna can su lura da wani abu. Dokar tana bin inda mutum yake zaune, ba inda gidan yake kawai ba. Basakkwacen da ke zaune a Jamus ko Ingila, yana ba da hayar gidansa na Arkilla ta manhaja, sunansa na iya isa ofishin harajin ƙasar da yake zaune ko da baƙin a naira suka biya.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabon tsarinsu. Lambar NIN ta zama ginshiƙin lambar harajin mutum, kuma hukuma na da ikon neman bayani daga wanda yake riƙe da shi, banki ne ko kamfani. Harajin kuɗin shigar mutum ɗaya jihar da yake zaune ce ke karɓa. Ke nan mazaunin Sakkwato da Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Sakkwato zai yi hulɗa, mai gida a Bado da ke zaune a Abuja kuma da hukumar can.

Mu ba ma jayayya da harajin. Malamin makaranta ana cire masa nasa tun kafin albashi ya shigo, ba adalci ba ne a ce mai gidan da ke karɓar dubban naira a dare ya wuce haka nan. Damuwarmu biyu ce, ta farko kuwa ta lissafi ce.

Abin da manhaja ko banki zai nuna shi ne kuɗin da ya shigo, ba riba ba. A ɗauka gida ana biyan ₦40,000 a dare, aka samu dare 120 a shekara. Jimla ₦4,800,000. A ce la'adar kamfani ko ta dillali kashi 15 ce, ₦720,000 ta tafi. A ce man janareta, katin wuta, ruwan tanka, wanki da guga, albashin mai gadi da mai shara, gyaran famfo da na'urar sanyi sun ci ₦1,500,000, wanda duk mai gida a garin nan ya san a watannin Maris zuwa Mayu janareta ba ya hutawa. Saura ₦2,580,000. A sabon tsari ₦800,000 na farko babu haraji, ₦2,200,000 da ke biye kashi 15, abin da ya hau kan haka zuwa miliyan 12 kashi 18. Idan mutum ba shi da wani kuɗin shiga, harajinsa a kan riba ₦267,000 ne. Idan kuwa ba shi da shaidar abin da ya kashe, aka ƙiyasta masa a kan jimla, zai tashi ₦654,000. Bambancin ₦387,000 ya fito ne daga rashin rasit kawai.

Inda ake faɗawa rami sananne ne. Asusu ɗaya ake amfani da shi wajen karɓar kuɗin haya, da na adashi, da gudummawar biki, da kuɗin da ɗan'uwa ya turo a saya wa tsohuwa magani. Ranar da aka nemi bayani ba mai iya rarrabewa. Wani kuma da sunan ɗansa ko yaron gidansa aka buɗe shafin saboda shi ya iya waya, sai rahoto ya fita da sunan ɗalibin da bai mallaki ko tabarma a gidan ba. Kuɗin ajiya na ɓarna da ake mayar wa baƙo, da na wanda ya fasa zuwa aka maida masa, su ma suna bayyana kamar ciniki. Maganin bai da wuya: asusu daban na gidan, shafi da sunan mai gidan na gaskiya, littafi guda mai ranar shiga da fita da abin da aka biya, rasit na kowane mai da kowane gyara (mai gyaran da ba ya ba da rasit a tura masa ta banki a rubuta dalili), sannan a sauke bayanin kuɗin shekara daga manhaja a adana. Idan kamfani ko ƙungiya ta cire harajin riƙo, wato wanda ake cirewa tun kafin a biya mai gida, daga kuɗin haya, a karɓi takardar shaida, domin ana rage shi daga abin da za a biya. Takardar bayanin haraji ta shekara kuma a shigar kafin 31 ga Maris.

Damuwa ta biyu ita ce ta fi hana mu sukuni. Takardar da ta haɗa suna, lambar waya, adireshi, miliyan nawa ke shigowa da lokutan da baƙi ke cika gida, a Turai takardar haraji ce. A jihar da mutanen Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo suka san yadda masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke aiki, wannan takarda na iya zama abin da za a yanka wa mutum kuɗin fansa da shi. Ba sai an yi kutse a kwamfuta ba. Ya isa a buga jerin sunaye a bar shi kan tebur, ko a tura shi a zauren WhatsApp na ma'aikata, ko a kwafe shi a ba ɗan kwangilar karɓar haraji da yaransa su bi gida-gida. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN a kan ₦100. Hukumar NIMC mai kula da lambar NIN ta musanta an shiga rumbunta, amma tsoron da labarin ya jefa a zukata bai gushe ba. Mutumin da ke tsoron haka zai bar manhaja ya koma karɓar tsabar kuɗi, gwamnati ta rasa harajin da take nema.

Doka tana gefen mai gida. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta yarda a miƙa bayani idan wata doka ta wajabta, amma ta ce a tsaya ga abin da ake buƙata, kada a yi amfani da shi a wata manufa, kuma idan ya fita ta hanyar da za ta cutar, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Ko a Amurka an ja wannan layi: birnin New York ya yi doka a 2018 cewa a riƙa miƙa masa bayanan masu gidaje duk wata don farautar haya ta haramun, alƙalin tarayya ya dakatar da ita a Janairun 2019, sai a 2020 aka sasanta a kan rahoton wata uku-uku da ya taƙaita ga wasu gidaje kawai.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato da hukumar harajin jiha, kafin a nemi ko suna ɗaya daga kowane kamfani, a fitar da ƙa'ida a rubuce kowa ya gani. Lambar haraji da jimlar kuɗin shekara sun wadatar a yi lissafi; sunayen baƙi da ranakun da suka kwana ba ruwan haraji da su. Jami'in da ke tantancewa ne kaɗai zai buɗe fayil, kuma na'ura ta riƙa rubuta wa ya buɗe da kuma yaushe, don in bayani ya fita a san ta hannun wa. Kada ɗan kwangila ya riƙe kwafi. A kuma ɗauko abu guda mai kyau daga tsarin Turai, inda dole kamfani ya ba mai gida kwafin abin da ya miƙa a kansa, don ya ga kuskure ya nemi gyara kafin takardar biya ta iso.

Masu gidaje su ma akwai nauyi a kansu. Wayar mai gadi ko ta dillali da ke cike da hotunan katin shaidar baƙi da fasfo ɗinsu, dokar 2023 ɗin nan ta shafe ta. A duba katin, a rubuta suna da lamba a littafin da ke cikin durowa mai makulli, hoton da aka turo kuma a goge shi da zarar baƙo ya tafi kuma an gama lissafi da shi.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin akanta da ba da shawara kan haraji,
Sakkwato.