A riƙa bibiyar waɗanda suka warke daga ciwon daji tun suna yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba, wato waɗanda suka yi fama da ciwon daji suna ƙanana, Allah ya ba su lafiya, yanzu sun zama magidanta da matan aure.

A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙuduri aniyar ganin aƙalla kashi 60 cikin 100 na yaran da ke kamuwa da wannan ciwo sun rayu nan da 2030. Buri ne mai kyau, amma sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen magani ba, domin magungunan da suka ceci yaron suna barin tabon da kan ɗauki shekaru kafin ya bayyana. Jan ruwan nan da ake ɗaurawa, doxorubicin, yana iya raunana zuciya, kuma idan yarinya ce raunin yana iya fitowa fili lokacin da ta girma ta ɗauki juna biyu. Maganin cisplatin kuma yana iya rage jin kunne. Cyclophosphamide, wanda ake bai wa masu ciwon dajin nan na Burkitt mai kumbura muƙamuƙi, yana iya rage haihuwa idan an sha shi da yawa, ga namiji ko mace, sai dai a gidajenmu mace ake fara ɗora wa laifi.

Wanda aka cire wa ƙoda ɗaya yana ɗan shekara uku ba zai tuna komai ba. Yau ga shi matashi ɗan dako, kullum da yamma yana tsaye a kemis yana sayen diclofenac saboda ciwon jiki, bai san yana gallaza wa ƙodar da ta rage masa ba. Iyaye kan ɓoye labarin don gudun kada ya hana 'ya'yansu aure. Na fahimci tsoronsu, amma ɓoye wa mai jikin kansa zalunci ne.

Kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asibitocin koyarwa shi ne, kada a sallami yaro sai an miƙa wa iyayensa takarda da Hausa da Turanci, mai ɗauke da sunan ciwon, da magungunan da aka ba shi da adadinsu, da sashen jikin da aka gasa ko aka yi wa tiyata, da gwajin da zai riƙa yi. Sannan a ware rana guda a wata da likitocin manya za su duba waɗanda suka warke, a auna hawan jini, a ɗauki hoton zuciya, kuma a saka kuɗin waɗannan gwaje-gwaje cikin inshorar lafiya, tunda yawancin iyayen sun riga sun sayar da gona da dabbobi a jinyar farko.

Wassalam.

Mai karatunku a kullum,
daga Zariya