Zuwa ga masu ɗinka kayansu da kansu: mun kawo takardun yanka na Burda

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja.

Waɗanda suka leƙo shago kwanan nan sun ga sabuwar kanta kusa da ta zare. Takardun yanka ne, wato waɗanda ake ɗorawa a kan yadi a bi zanensu a yanka riga, na Burda, kamfanin nan na Jamus da Aenne Burda ta fara fitar da mujallarsa a 1950. Na Simplicity da McCall's da kuka saba da su suna nan, ba mu janye su ba. Sai dai muna so mu yi muku bayani kafin wata ta sa almakashi a yadi mai tsada.

Don Allah ku ajiye lambar girman riga da kuka haddace. Wadda ƙirjinta ya kai santimita 92, wato inci 36, lamba 14 take ɗauka a Simplicity, amma a Burda 40 ce tata. Lambar rigar kanti kuwa ba ta da alaƙa da ko ɗaya. Ku ɗauko tef ku auna ƙirji da ƙugu da mazaunai, kada ku matse shi don son ganin ƙaramar lamba, sannan ku duba jadawalin awon.

Tsawo ma haka. Burda na zana yawancin kayan mata ne a kan mai tsawon santimita 168, akwai kuma na masu 160 da na masu 176. Gajeriya in ta ɗauki na 168 ta rage daga ƙasa kawai, ƙugun rigar zai sauko mata, dat ɗin, wato ɗan ninkin da ake ɗinkewa don rigar ta bi ƙirji, ya nufi inda bai kamata ba. A tsakanin hammata da ƙugu ake naɗe takardar a rage.

Abin da ya sa muka kawo su shi ne kafaɗa. A rigunan da muka ɗinka don gwaji, hammatar ta fi hawa sama, rigar ta fi bin jiki, kuma in an ɗaga hannu ba ta biyo shi gaba ɗaya. A ganinmu kyan riga daga kafaɗa yake farawa, kuma nan ne ya fi wuyar gyara in an riga an yanka. Mai cikar ƙirji da ta zaɓi babbar lamba don gaban ya ishe ta, za ta tarar wuya ya yi hangame, kabun kafaɗa ya zubo kan dantse. Gara ta auna saman ƙirji, ta ƙarƙashin hammata, ta ɗauki lambar da ta dace da wannan awon, sannan ta ƙara faɗi a gaba kaɗai. Masu son sakakkiyar riga kuma su sani wannan yankan ba lallai ya yi musu ba.

Sai maganar rarar kabu, wato ɗan yadin da ake bari a bayan layin ɗinki, wadda muka fi jiye muku. Takardun da ke cikin ambulan sun zo da ita, santimita 1.5. Na cikin mujalla ba su da ita. Babban shafi ne guda, layuka launi-launi sun hau kan juna, sai an kwafi wanda ake so a farar takarda, a ƙara rarar da alli a kan yadin. Wadda ta manta ta ɗinke gefe biyu, santimita 6 sun tafi daga faɗin rigar, kuma babu inda za a samo su.

Ku fara gwadawa da yadi mai araha, ko da saman rigar ne kawai, ba hannu ba zif. Ku sa, ku zauna, ku miƙa hannu. Yadin gasken kuma a wanke shi a goge kafin yanka, musamman na auduga, don yana shiga.

Rigunan gwajin suna rataye a shago ga mai son sakawa ta gani. Mun kuma ware tebur da takardar kwafi, za mu taya duk mai buƙata ɗaukar awo. Takardar da ba a yanka ba muna karɓa mu canza muku lamba.

Mun gode da cinikinku. Allah Ya bar zumunci.

Naku,
Masu shago da ma'aikata