Daga Madina zuwa Gadarif

Assalamu alaikum, mutumina.

Shirun ya yi yawa. Kati ne ya gagara ko amarya ce ta riƙe wayar? Ka gaishe min da Inna, ka ce zazzaɓin nan ta daina raina shi. Yaya ridi bana, ya yi albarka?

Jiya bayan Asuba muka raka gawar wani dattijo ɗan Mai Wurno zuwa maƙabartar Baƙi'a, Allah ya jiƙansa. Da muka zauna shan shayi a gidan makoki, wani saurayi da ya gudo daga Khartoum ya ce soja duk soja ne, ba wanda ya taɓa ɗanɗana mulki ya saki. Ban ga laifinsa ba, tun da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ba abin da ya gani sai janar-janar ɗin nan biyu masu faɗa da juna, Burhan da Hemedti. Amma na ce masa a maƙabartar da muka tako ɗazu akwai Mushir Suwar al-Dahab, tsohon shugaban mulkin sojan Sudan, kwance.

Ɗan El Obeid ne, ya yi aikin soja har Qatar. A Maris ɗin 1985 shugaban ƙasa Nimeiri ya ba shi ministan tsaro, ga shugabancin rundunar soja. Wata bai cika ba gari ya rikice, likitoci da lauyoyi suka shiga yajin aiki, Nimeiri yana Amurka. Ranar 6 ga Afrilu Suwar al-Dahab ya karɓi mulki, ya ce shekara ɗaya zai yi. Ka tuna Baba ya kife hularsa kan rediyo yana cewa mun sha jin irin wannan? To, ya ɗauko Jazuli Dafalla, likita, ya ba shi firaminista, aka yi zaɓe a Afrilun 1986, ya miƙa wa Sadiq al-Mahdi da Ahmad al-Mirghani, ya koma aikin da'awa da gina rijiyoyi da makarantu a Afirka. A 2018 ya rasu a Riyad, aka kawo shi nan bisa wasiyyarsa.

Na san abin da za ka ce, kai da ba ka yabon kowa sai mai aski: yaƙin Kudancin Sudan bai tsaya ba a hannunsa, mazaɓu da yawa a can ba su yi zaɓe ba, kuma Bashir ya kifar da komai a 1989. Gaskiya ne. Amma mutum yana da bindiga, ba mai iya ture shi, ya cika alkawari! Da Burhan da Hemedti sun yi haka, da ƙanwarka tana gidanta a Omdurman.

Af, ɗan mai dabino ya samu iƙama, takardar izinin zama, har ya fara zancen aure, wai 'yar gidan liman yake so. Uwarsa ba ta sani ba tukuna, kada ta ji daga bakinka.

Ka aiko min da kuɗin buhun dawa a kasuwarku, ina so in tura wa su Inna kafin azumi.

Naka har kullum.